Kana Sammako, Wani A Tafe Ya Kwana: Gurbin 'Yan Wasa A Manyan Makarantu

A duk shekara idan sakamakon jarrabawar BECE da ta WASSCE ya fito, aka shiga rabon guraben karatu, to hirar kasuwa takan canza. Daga Kejetia da Alabar a nan Kumasi har zuwa Aflao da Elubo da Paga da Bawku, a rumfar mai goro da ta mai atamfa da bencin 'yan canji, maganar ɗaya ce: wane ɗansa ya ci jarrabawa da kyau, amma kwamfuta ta jefa shi wata makarantar da ko sunanta bai taɓa ji ba, alhali ɗan maƙwabcinsa da bai kama ƙafarsa a aji ba ya samu babbar makaranta saboda yana da gudu, ko kuma ya iya taka leda. A 'yan shekarun nan kuma wata sabuwar magana ta ƙaru, domin 'yan koneshan sun shigo kasuwa da takardu masu ƙyalli, suna gaya wa iyaye cewa idan yaro ya nemi jami'ar Amurka da wuri, damarsa ta samun gurbi takan ninka sau biyu ko sau uku, don haka a kawo kuɗi tun kafin watan Nuwamba ya kama.

A ganinmu waɗannan maganganu biyu tushensu ɗaya ne. Adadin guraben da makaranta ke shelantawa daban, adadin da ya rage wa ɗan talaka ya yi takara a kansa daban, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke tsakanin adadin biyu shi ne gurbin da ake keɓe wa 'yan wasa. Ra'ayinmu a kan wannan gurbi shi ne a bar shi a buɗe, domin kuwa akwai yaranmu da suka bi ta cikinsa suka kai inda iyayensu ba su taɓa mafarki ba, amma fa a fito da lissafinsa a faifai, a kuma raba shi da ƙofar alfarma da ke fakewa a bayansa.

Bari mu ɗauki misalin da duk ɗan kasuwa ya sani. Motar Kumasi zuwa Bawku tana da kujera hamsin, ka yi asubanci ka isa tasha, ka tarar da mutum ɗari a layi. A lissafin baki sai ka ce cikin kowane mutum biyu ɗaya zai samu. To amma ɗan kamasho ya riga ya ajiye kujera goma ga waɗanda suka bugo masa waya tun daren jiya, kuma su ma suna tsaye a layin tare da kai kamar kowa. Ke nan ainihin takarar tsakanin mutum casa'in ce a kan kujera arba'in. Idan aka ce kujera ashirin ya ajiye, sai ta koma mutum tamanin a kan kujera talatin. Layin bai ragu a idonka ba, motar ba ta canza ba, amma rabonka ya ragu ba ka sani ba. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke nufi da cewa kana sammako, wani a tafe ya kwana.

Tunda da sunan Amurka ake karɓar kuɗin mutane, bari mu fara duba yadda abin yake a can. Manyan jami'o'insu suna ɗaukar ɗalibai ne a zagaye biyu. Na farko, wanda za mu kira ɗaukar sammako, ana rufe karɓar takardunsa a farkon Nuwamba, a ba da amsa a tsakiyar Disamba. Na biyu ana rufe shi a farkon Janairu, amsa ta fito a ƙarshen Maris. A Disamba 2023 jami'ar Harvard ta ɗauki ɗalibai 692 daga cikin 7,921 da suka yi sammako, wato kusan kashi 9 cikin ɗari. Da aka kammala zagaye na biyu a Maris 2024, jimillar waɗanda aka ɗauka ta zama 1,937 daga cikin masu nema 54,008, kuma a zagaye na biyun waɗanda suka dace ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. Waɗannan alƙaluma gaskiya ne, kuma irinsu ne ɗan koneshan ke nuna wa Alhaji a waya yana cewa ga shi nan, sau uku.

Abin da ba zai gaya masa ba shi ne su wane ne ke tsaye a layin sammakon. Harvard tana da ƙungiyoyin wasanni 42, kowacce da kocinta, kuma kowane koci yana da sunayen yaran da ya daɗe yana bibiya, wani lokaci shekara guda ko biyu kafin su gama sakandare. Kafin yaro ya cika takardar neman gurbi, ofishin ɗaukar ɗalibai ya riga ya duba sakamakonsa ya ce zai wuce ko ba zai wuce ba. Daga 1 ga Oktoba jami'o'i takwas na rukunin Ivy League suna iya aika wa irin wannan yaro wasiƙar da ke shaida masa cewa gurbinsa na nan muddin bai yi sake ba. Galibin waɗannan 'yan wasa a zagayen sammako suke miƙa takardunsu, don haka ana ƙirga su cikin masu nema, ana kuma ƙirga su cikin waɗanda suka dace, alhali ba su shiga takarar da sauran suka shiga ba.

Ba da ka muke wannan magana ba. A 2018 an gurfanar da Harvard a gaban kotun tarayya da ke Boston a kan yadda take ɗaukar ɗalibai, kotu ta sa aka buɗe bayanan shekaru shida. Masanin tattalin arziki Peter Arcidiacono na jami'ar Duke da abokan aikinsa biyu suka bi bayanan, suka fitar da rahoto a 2019 wanda ya nuna cewa cikin kowane ɗari na 'yan wasan da koci ya zaɓa, 86 aka ɗauka, yayin da mai nema da ba shi da kowa ba shi da komai sai takardarsa, damarsa ba ta kai 6 cikin ɗari ba. Yanzu mai karatu ya yi lissafin da kansa. A ce 200 daga cikin 692 ɗin nan 'yan wasa ne. Idan aka cire su daga ɓangarorin biyu, saura gurbi 492 ga mutum 7,721, wato kashi 9 ya sauko zuwa 6 da 'yan kai. Cikin ragowar ma akwai 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yan malaman jami'ar, da na masu ba ta gudummawar kuɗi, waɗanda su ma da yawansu sammako suke yi, kuma suna da nasu fifikon. A ƙananan kwalejoji masu tsada irin su Amherst da Williams, inda kimanin kashi ɗaya cikin uku na ɗalibai 'yan wasan makaranta ne, kason da ake cirewa ya fi haka girma.

Ba muna cewa sammako ba shi da amfani kwata-kwata ba ne, yana da shi, sai dai bai kai yadda ake tallarsa ba, kuma yana da tarko. A jami'o'i da dama, duk da cewa ban da Harvard, wanda ya yi sammako yakan sa hannu cewa idan an ɗauke shi dole ya zo, ya janye takardunsa daga sauran wurare. Mai kuɗi ba abin da ya dame shi. Amma ɗan mai sayar da albasa da ke buƙatar ya ga tayin tallafi daga makarantu uku ko huɗu kafin ya zaɓi wadda zai iya, ya zama kamar wanda ya yi alƙawarin sayen kaya kafin a taya. Ita kanta Harvard ta taɓa soke ɗaukar sammako a 2006 bisa hujjar cewa masu hali ne suka fi cin moriyarta, sannan ta dawo da ita a 2011 da ta ga sauran jami'o'i ba su bi ta ba sai 'yan ƙalilan.

Wani hanzari ba gudu ba, su wane ne 'yan wasan da ke cin waɗannan gurabe a can? Mu a nan idan aka ce ɗan wasa, yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin makarantar Aboabo muke gani. A manyan jami'o'in Amurka kuwa akwai tseren kwale-kwale, da wasan takobi, da zamiya a kan ƙanƙara, da golf, da tuƙin jirgin ruwa, wasannin da sai gidan da ya ƙoshi ne zai iya koya wa yaro tun yana ƙarami. A 2023 masana uku, Raj Chetty da David Deming da John Friedman, sun nuna cewa 'ya'yan attajiran da ke saman kashi ɗaya cikin ɗari sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali fiye da sau biyu wajen shiga waɗannan jami'o'i, ko da makinsu na jarrabawa iri ɗaya ne, kuma ɗaukar 'yan wasa na cikin dalilai uku da suka gano.

Bugu da ƙari, duk ƙofar da aka bar wa mutum ɗaya makullinta ba mai duba shi, wata rana ɓarawo zai biyo ta. A Maris 2019 hukumomin Amurka suka bankaɗo wani dillali mai suna Rick Singer, wanda ya karɓi kimanin dala miliyan 25 daga hannun iyaye tsakanin 2011 da 2018. Babbar dabararsa ita ce ya ba koci cin hanci ya sa sunan yaro cikin 'yan wasansa, ko da yaron bai taɓa yin wasan ba, har ana ɗora kan yaro a jikin wani ɗan wasa a hoto. Kocin ƙwallon mata na jami'ar Yale ya amsa laifinsa a kotu, bayan ya karɓi dala 400,000 a kan yarinyar da ba ta buga wa kowace ƙungiya ba. An ɗaure iyaye da dama, shi kuma Singer aka yanke masa shekara uku da rabi a Janairu 2023. Idan haka ta faru a ƙasar da ake rubuta komai, to mu da yawancin lamuranmu a baki ake ƙulla su, sai mu shafa wa gemunmu ruwa.

To mu dawo gida, inda abin ya fi shafarmu. Tun 2005 kwamfuta ce ke raba yara a makarantun sakandare a ƙarƙashin tsarin CSSPS, wanda aka kawo domin a rage bin gidajen hedimastoci da rago da ambulan. Da aka fara sakandare kyauta a Satumba 2017, cunkoso ya ƙaru har ta kai ga raba ɗalibai kashi biyu masu karɓa-karɓa a 2018. A 2025 yara sama da 600,000 ne suka zauna BECE, kuma kusan kowane uba yana hangen makarantun rukunin A, irin su Prempeh da Opoku Ware da T.I. Ahmadiyya da Yaa Asantewaa da St. Louis. A 2023 da 2024 makaranta ɗaya tak aka yarda yaro ya zaɓa daga wannan rukuni, ke nan harsashi ɗaya gare shi, idan ya kuskure shi ke nan. An kuma keɓe kashi 30 cikin ɗari na guraben irin waɗannan makarantu ga yaran da suka fito daga makarantun gwamnati, wanda wannan abin yabo ne, kuma an faɗe shi a fili kowa ya sani.

Abin da ba a faɗa a fili shi ne sauran. Duk wanda ya taɓa shiga filin wasa na Baba Yara ranar Intako ko ranar Super Zonals, ya ga yadda tsofaffin ɗalibai ke cika wuri da kiɗa da tutoci, ya san cewa kofin gudu a Kumasi ba ƙaramin abu ba ne ga sunan makaranta. Don haka malaman wasanni ba sa jiran kwamfuta. Tun yaro yana ƙaramar sakandare suke zuwa gasar gunduma suna dubawa, su bi shi har gida, su yi magana da iyayensa. Kafin sakamako ya fito an riga an san inda zai je, kamar dai yadda kocin Harvard ke yi, sai dai a can akwai wasiƙa, a nan kuwa sai kalmar nan da kowa ya iya faɗa ba wanda ya iya fassarawa, wato furotokol. A cikin buhun furotokol ɗin nan ake zuba ɗan gudu, da ɗan tsohon ɗalibi, da ɗan mai sarauta, da ɗan wanda ya biya, a ɗaure bakin buhun. A Janairu 2023 'yan jaridar The Fourth Estate sun fitar da binciken da ya nuna yadda ake biyan dubban sidi a canza wa yaro makaranta zuwa rukunin A, har 'yan sanda suka kama wasu aka kai su kotu. Muddin buhun yana ɗaure, yaron da ya shiga da gumin ƙafarsa da wanda ya shiga da aljihun ubansa duk kallo ɗaya za a yi musu.

Me ya sa ba mu ce a rufe ƙofar 'yan wasa kowa ya huta ba? Saboda a ƙasar nan, saɓanin Amurka, gudu da ƙwallo wasannin talaka ne. Abdul-Rasheed Saminu daga ƙasar Nanumba ya taso, ya yi sakandare a makarantar Al-Azhariya da ke nan Kumasi, ya shiga Jami'ar Ghana da ke Legon, daga nan ya wuce Amurka har ya kai Jami'ar South Florida, ya wakilci Ghana a gasar Olympics ta Paris a 2024, sannan a 2025 ya gudu mita 100 cikin sakan 9.84, abin da babu ɗan Ghana da ya taɓa yi kafinsa. Bajintar da ya karya ta Benjamin Azamati ce, wanda shi ma ya bi ta Legon ya tafi West Texas A&M, inda a Maris 2021 ya yi sakan 9.97 ya kawar da tarihin da Leo Myles-Mills ya kafa tun 1999. Joseph Paul Amoah ya yi Prempeh da KNUST kafin ya tafi Coppin State, ya kuma ci zinare a mita 200 a wasannin Afirka da aka yi a Ankara, babban birnin ƙasar nan, a Maris 2024. A ɓangaren ƙwallo, makarantar Right to Dream da aka kafa a 1999, wadda ta raini Mohammed Kudus ɗan Nima, ta tura yara da dama makarantun kwana da jami'o'in Amurka. Ƙofar da irin waɗannan suka bi, ba mu ne za mu nemi a toshe ta ba.

Amma a lura da abu guda, domin a nan ne ake yi wa 'yan kasuwa sakiyar da ba ruwa. Jami'o'in da waɗannan 'yan gudu suka je suna ba da tallafin karatu saboda wasa. Harvard da Yale da Princeton da sauran 'yan Ivy League ba sa ba da ko kwabo saboda wasa, tallafinsu ya dogara ne a kan ƙarfin aljihun iyaye, kuma ba sa karɓar la'ada a kansa. Duk wanda ya zo rumfarka ya ce zai samo wa ɗanka sikolashif ɗin ƙwallo a Harvard, to ka riƙe jakarka da kyau. Haka nan hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, sai ta duba takardun sakandaren yaro darasi bayan darasi kafin ta yarda ya yi wasa, kuma ita da kanta ta ce waɗanda ke zama ƙwararrun 'yan wasa daga cikin ɗalibanta ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. A zangon karatu na 2023 zuwa 2024 ɗaliban Ghana 9,394 ne ke Amurka, na Nijeriya 20,029, kuma mafi yawansu da littafi suka je.

Mun san akwai mai cewa, to ita yarinyar Asawase da ta kwana tana karatu bayan ta gama taya uwarta tallan koko, ta fito da jimillar maki 8, aka ce gurbi ya cika, laifin me ta yi da ba ta iya gudu ba? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba za mu share ta ba, domin duk kujerar da aka ajiye wa wani, wani aka hana. Amsarmu ita ce makaranta tana da haƙƙin ta nemi baiwa iri-iri, kamar yadda take neman masu kaifin ƙwaƙwalwa domin gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa, amma yarinyar ma tana da haƙƙin ta san kujera nawa aka ajiye kafin ta harba harsashinta ɗaya. Da ita da malaminta sun san cewa daga cikin guraben da aka shelanta kaza ne kawai suka rage, da wataƙila wata makarantar za su sa a gaba. Kuma muna da yaƙinin idan aka kwance buhun aka ƙirga, ba 'yan gudu ne za su fi yawa a ciki ba. Wanda yake ganin mun yi kuskure, hanyar ƙaryata mu mai sauƙi ce: a buga alƙaluman.

Shi kansa ɗan wasan ɓoye-ɓoyen nan yana cutar da shi. Yaron da aka ɗauka saboda ƙafarsa, idan ba wanda ke tambayar sakamakonsa, sai ya shekara uku tsakanin fili da ɗakin kwana, ya ciwo wa makaranta kofi, ya fito da F9 a lissafi da Turanci. Alhali dokar shiga jami'a a Ghana ba ta san gudu ba: sai an samu daga A1 zuwa C6 a manyan darussa uku da na zaɓi uku. Ko Jami'ar Ghana da ke da rubutaccen tsari na ɗaukar 'yan wasa ta hannun sashenta na wasanni, sai yaro ya cika mafi ƙarancin sharaɗin shiga sannan a duba bajintarsa. Ga kuma rage shekaru da canza suna da wasu ke yi wa yara domin su shiga gasa, wanda daga baya yakan zame musu ƙarfen ƙafa ranar da za a haɗa takardar haihuwa da fasfo da shaidar makaranta a ofishin biza. Sunan filin da suke gudu a ciki ma darasi ne. Baba Yara, ɗan Kumasi, ana yi masa kirari da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma, haɗarin mota a Kpeve a Maris 1963 ya kwantar da shi yana da shekara 26, bai sake buga ƙwallo ba har Allah Ya karɓi ransa a 1969. Ƙafa aro ce, rana ɗaya ake karɓe ta, abin da ke cikin kai kuwa yana tare da mutum har tsufansa.

Saboda haka kiranmu ga Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Ilimi ta Ghana da shugabannin jami'o'i bai wuce abu huɗu ba. A ware gurbin 'yan wasa da sunansa, a faɗi adadinsa a kowace makaranta kafin yara su cika takardar zaɓi. A rubuta sharaɗinsa, wato gasar da yaro ya shiga, da lokacin da ya yi ko matsayin da ya zo, da mafi ƙarancin makin da za a karɓa, yadda yaron Bawku ko na Paga da ba shi da wanda ya sani a Kumasi zai iya nema. A sa mutum fiye da ɗaya ya sa hannu kafin a ɗauki kowane yaro, kada a bar makulli a hannun koci shi kaɗai. Sannan a ƙarshen shekara uku kowace makaranta ta faɗi yadda 'yan wasanta suka yi a WASSCE, wadda ta saba cin kofi tana zubar da yara a rage mata gurbin. Sarakunan Zango da limamai da 'yan majalisarmu su ne ya kamata su ɗauki wannan magana su kai ta inda za a ji, domin yaranmu ne suka fi yawa a ɓangarorin biyu, masu gudun da kuma masu rasa kujerar.

Ku kuma 'yan uwa 'yan kasuwa, da ku da ke kwana a kan iyaka kuna jiran kwastan su saki kaya, kun fi kowa sanin wahalar da ke cikin kowace sidi da kowace sefa. Ba ɗayanku da zai sayi huhun goro bai sa hannu ya duba na ƙasa ba. To idan aka kawo muku lissafin makaranta ku yi masa irin wannan duban. Ku tambaya, cikin guraben nan nawa aka riga aka yi alƙawarinsu? Idan an ce koci yana son yaro, ina wasiƙar da ta fito daga makarantar da kanta, da suna da hatimi? Idan yaro ya ji ciwo a shekarar farko, gurbinsa da tallafinsa na nan ko sun tafi? Wanda ya kasa amsa waɗannan kada a ba shi ko sisi. Kada a zuba duk zaɓin yaro a kan manyan sunaye, a haɗa da makarantun da makinsa zai kai shi ba tare da roƙon kowa ba. Wanda Allah Ya ba ɗansa ko 'yarsa baiwar gudu kada ya hana, ya rakiya fili ya ƙarfafa masa gwiwa, amma ranar da aka kawo kofi gida ya nemi a kawo masa takardar sakamako tare da shi, ya duba lissafi da Turanci da kimiyya kafin ya sa albarka.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya kuma tsare dukiyar bayinSa daga hannun macuta, amin.